Sakan Ashirin da Shida

Litinin, 3 ga wata, 7:20 na safe

Na riga mai shara isowa. Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, saboda tun ranar Juma'a kowa a ofis yana ba da nasa labarin, kuma ranakunsu ba sa zuwa daidai.

Ga abin da na tabbatar. Ranar Alhamis, 23 ga watan jiya, ƙarfe 12:30, Yallaɓai, shugaban ofishinmu, ya yi sharhinsa na rediyo a kan wani kamfanin kwalabe, ya ce hannun jarinsa abin saye ne. Ranar Juma'a, 31, ƙarfe 11:05, aka dakatar da cinikin hannun jarin. Kwana takwas ke nan tsakani. Wanda ya saya ba ya iya sayarwa, kuma ba wanda ya san ranar da za a buɗe.

Ga aikina. Baba Amma, babban manazarcinmu, shi yake rubuta sharhin da hannu a takarda rawaya, ya miƙo min ƙarfe 10:30. In shiga ɗakin ajiya, in karanta a fili da saurin da Yallaɓai yake magana, agogon awo a hannuna. Gidan rediyo minti biyu da sakan arba'in suke ba mu. Inda agogo ya cika, nan nake jan layi, in buga abin da ke saman layin, in kai wa Yallaɓai ya karanta wa duniya. Takardar hannun kuma in jefa ta cikin kwali. Ranar da na fara aiki Yallaɓai da bakinsa ya ce min, "Idan ya yi tsawo, daga ƙasa ake yankewa." Na rubuta a bayan katina, yana nan har yanzu.

Ana ce masa Baba Amma don shekara goma sha tara bai taɓa rubuta sharhi babu gargaɗi a ciki ba, kuma kullum da "amma" yake fara shi. Ni ana ce min 'Yar Agogo. Gwajina na wata uku zai ƙare ranar 28.

Ranar 23 rubutun ya kai minti uku da sakan shida. Na rubuta wannan ne kawai don ya zauna a rubuce.

Litinin, 2:10 na rana

An yi taro. Yallaɓai ya tsaya a gaban bangon hotunansa, kofin ruwan ɗumi da zuma a hannu, don muryarsa. Ya sake ba mu tarihin da kowa ya haddace: yadda ya fara da kwafe farashi daga allo, yadda ya shiga rediyo ranar da mai shirin bai zo ba, shekara ashirin da biyu yana gina suna, yau babu taron 'yan kasuwa da za a yi ba a ajiye masa kujera a gaba ba.

Sannan ya juya. "To, Baba. Shekara goma sha tara kana cika min kunne da amma. In ce rana ta fito, ka ce amma. Ranar da nake bukatar amma ɗin, ina ka kai ta? Ko ka tafi da ita asibiti?"

An yi dariya. Ranar 23 Baba ya fita 10:35 zuwa wurin likitan ido, bai ji shirin ba.

Baba ya ce, "Na rubuta, Yallaɓai."

Barista, lauyan kamfani, ya sa aka kawo kwalin. Takardar ranar 23 tana ciki. Shafi ɗaya. Ya karanta daga sama har ƙasa, babu amma.

Ba wanda ya tambaye ni komai.

Talata, 4 ga wata, 1:05 na rana

Ban ci abinci ba. Na saurari faifan shirin ranar 23 sau uku da agogo. Minti biyu da sakan hamsin da tara. Bayan ya gama abin da na buga, Yallaɓai ya ƙara nasa na sakan goma sha tara: "Jama'ata, ku saya ku je ku kwanta. Ni na faɗa muku." Gidan rediyo ba su katse shi ba.

Ashe ana iya wuce lokacin. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Alhamis, 6 ga wata, 4:40 na yamma

Wasiƙa ta zo daga hukumar kula da kasuwar hannun jari. Ban gani ba, amma Barista ya shiga ofishin Yallaɓai da ita ƙarfe 9:15, bai fito ba sai 11:50, har shirin ya kusa makara.

An ɗauke teburin Baba daga ɗakinsa an ajiye a baranda, kusa da injin kwafi. An ce fenti za a yi. Babu gwangwanin fenti a ginin nan, na duba ɗakin ajiya. Duk da haka ƙarfe 10:30 ya miƙo min sharhin yau, don ba wanda ya iya rubuta shi in ba shi ba. Yallaɓai bai san ta inda ake fara karanta rahoton shekara ba. Na taɓa ganinsa ya buɗe wani, ya duba hoton shugaban kamfanin, ya ce, "Wannan fuskar riba ce," ya rufe.

Samarin sashen ciniki sun samo wasa. Duk wanda ya zo kwafi sai ya ce, "Zan danna, amma..." ya tsaya yana kallon Baba. Ɗaya ya ce, "Baba, za a yi ruwa yau, ko akwai amma?" Baba ya ci gaba da ɗiga maganinsa a ido.

Na yi dariya sau ɗaya. Gajeriya ce.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Umma ta mayar wa mutum biyu ɗinkinsu, ta ce bayanta ya gaji, kuma 'yarta ta kusa zama cikakkiyar ma'aikaciya. A gabana ta faɗa. Ta gaya wa duk layinmu cewa ni ke rubuta abin da Yallaɓai yake karantawa. Na ce, "Umma, bugawa kawai nake yi." Ta ce, "To da ƙafa ake bugawar?"

Na sami Yaya yana wanke motar da yake tuƙawa. Na ce, misali, a ce mutum ya san wani abu a wurin aiki.

"Misali ke nan, Madam Hannun Jari?"

"Misali."

"An tambaye ki?"

"A'a."

"To miƙo min bokitin nan. Shekara huɗu muna jiran digirin nan ya haihu, yanzu kuma ya fara naƙuda kin zo mana da misali."

Litinin, 10 ga wata, 8:00 na safe

Na canja jaka. Na mayar da komai cikin sabuwar, har da abin da ke aljihun ciki.

Litinin, 3:30 na yamma

Akwai wata tsohuwar nas da take zuwa tun Laraba. Tana zama a bencin ɗakin baƙi daga tara zuwa huɗu, ƙaramar rediyo a cinyarta, tana jiran Yallaɓai. Shi yanzu ta ƙofar baya yake shiga. Yau ya leƙa ta labule ya ce, "Tunkiyar nan tana nan?" Haka yake kiran masu saurarensa idan makirufo a kashe yake, tumakina. Ya ba ni kalanda mai hotonsa ya ce in kai mata, in ce yana gaisuwa.

Na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta duba hoton, ta naɗe.

"'Yata, ke ma nan kike aiki?"

Na ce eh, Mama.

"Shekara goma sha ɗaya ina jinsa, ban taɓa sayen komai ba. Kin san dalili? Kullum sai ya yaba abu ya yaba, sannan ya ce amma. Ni amma ɗin nake jira. Da ya faɗe ta sai in ce to, ba nawa ba ne, in ci gaba da aikina. Ran nan na jira, na jira, har aka sa kiɗan rufewa. Na ce yau kam Allah ya kawo wanda ba shi da amma. Washegari na kai duk abin da aka sallame ni da shi daga aiki, na saya."

Na ce Allah ya sa a buɗe. Ta ce amin, ta tambaye ni ko da wurin da za ta ɗan wanke fuska.

Talata, 11 ga wata, 6:50 na safe

Sau huɗu na taɓa yankewa kafin ranar, duk gaisuwar rufewa ce. Dokar ba ta ce "sai dai in" ba. Baba ya riga ya fita. Ranar 22 Yallaɓai ya ce min idan na sake zuwa masa da tambaya zai nemo wadda ta gama makaranta da gaske. Duk wannan gaskiya ne.

Laraba, 12 ga wata, 5:15 na yamma

Barista ya kira ni. Ya ce za a zauna kwamiti ranar 20, kuma hukuma tana son a nuna mata mutum, ba kamfani ba. Ya ce yana son jadawalin duk hasashen Baba da bai zo daidai ba, tun daga farko. "An ce ke ba kya kuskuren lamba. A nuna mana."

Na ce shekara goma sha tara ce, Barista.

Ya ce, "Ke kuma kwana goma sha shida ya rage miki. Kujerar manazarci ɗaya ce a kasafin baɗi. Ba na ce komai ba."

Kwalaye talatin da ɗaya ne. Na fara.

Juma'a, 14 ga wata, 1:20 na rana

Na kai kwali na goma sha huɗu. Rubutun Baba a farkon shekarun ƙanana ne, a tsaye, kamar an buga. Yanzu manya ne, suna hawa layi.

Na lura da wani abu. A tsofaffin takardun, duk inda amma ta faɗo ƙasan layi, akwai kibiya da jan biro an maido ta sama, an soke wani abu a tsakiya. Hannun matar da ta riƙe agogon kafin ni ne, shekara goma sha biyu. Na ƙirga kibiya sittin da uku zuwa yanzu. Ta tafi kwana biyu kafin in zo. Abin da ta bar min a durowa shi ne batirin agogo da rabin kwalin shayi.

Juma'a, 4:55 na yamma

Baba ya tare ni a bakin injin kwafi. A hankali ya yi magana.

"'Yata, ran nan shafi nawa na ba ki?"

Na ce, "Baba, Barista ya ce kada kowa ya tattauna maganar kafin kwamiti."

Ya faɗi haka ɗin. Ranar Laraba ya faɗa, ƙarfe 5:05.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne. Kada ki sa kanki a ciki." Sannan ya ce, "Ina ganin kaina ina rubutawa. Amma ranar an ɗiga min maganin nan tun safe, ina sauri. Matata ta ce shekaranjiya na sa makulli a firiji. Wataƙila a kaina kawai na rubuta."

Na ce takardata ta fito, zan wuce.

Lahadi, 16 ga wata, 10:00 na safe

Ban yi ƙarya ba.

Talata, 18 ga wata, 6:10 na yamma

Na gama. Hasashe bayyananne 1,112. Waɗanda ba su zo daidai ba 203. A cikin 203 ɗin, 188 amma ɗinsa ta faɗi ainihin abin da ya faru daga baya. Na ware wa wannan layi na musamman a gefe.

Barista ya duba, ya ɗora yatsa a kan layin. "Wannan na mene ne?"

Na yi bayani.

"Kurakurai na ce. Na ce ki kawo min uzuri?"

Na cire. Sakan biyu ya ɗauka. Da na ga shafin ya yi fili sai na ƙara zane mai launi, yana nuna kurakuran shekara bayan shekara. Idan aka fara zanen daga shekara ta goma sha biyu, layin hawa yake yi. Idan aka fara daga ta farko, ba ya hawa. Na fara daga ta goma sha biyu. Ba wanda ya ce in yi zane.

Yallaɓai ya zo har teburina da shafukan goma sha ɗaya a hannu. Ya ce wa duk ɗakin, "Ku ga aiki. 'Yar Agogo, ashe ke wuƙa ce." Wannan ne karo na farko da ya yi min magana ba tsawa.

Na ji daɗi. Na rubuta don littafin nan na abin da ya faru ne. Har cikin motar haya ina jin daɗin.

Laraba, 19 ga wata, 12:50 na rana

Katin ƙofar Baba ya daina aiki. Minti ashirin da biyar ya yi a waje, mai gadi yana cewa shi umarni aka ba shi. Ta tagar ɗakin baƙi ya miƙo min sharhin yau. 10:30 daidai.

Alhamis, 20 ga wata, 3:45 na yamma

Kwamiti: Yallaɓai, Barista, da Madam ta sashen ma'aikata. Baba a kujerar roba a tsakiyar ɗaki, ba tebur a gabansa, hularsa a gwiwa. Na shiga 11:10, na fito 11:16.

Barista: "Rubutun da kika kai wa Yallaɓai ranar 23, tsawonsa nawa?"

"Minti biyu da sakan arba'in."

"Akwai gargaɗi a cikinsa?"

"Babu."

"Shafi nawa ne a kwali na wannan ranar?"

"Ɗaya."

"Jadawalin nan, kin tsaya a kan lambobinsa?"

"Na tsaya."

Madam ta tambayi Baba ko yana da tambaya gare ni. Ya ɗaga shafin zanen har ya kusa taɓa hancinsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Haka na lalace?" Ba ni yake tambaya ba. Yallaɓai ya ce, "Kai da kake auna kamfanoni, yau an auna ka. Sayarwa ko riƙewa, Baba?" Madam ta rufe baki da fayil.

Baba ya ce ba shi da tambaya. Ya ce yarinyar ta yi aikinta da kyau.

Amsa huɗu na bayar. Duka huɗun gaskiya ne.

Juma'a, 21 ga wata, 2:30 na rana



Bayan shiri na shiga ofishin Yallaɓai ba tare da an kira ni ba. Na ciro shafi na biyu daga aljihun jakata na ajiye masa a tebur. Tun ranar 31, ƙarfe 11:20, na zare shi daga kwali. Na faɗa masa duka, a tsaye, da ranaku. Ban tsallake komai ba.

Bai taɓa takardar ba. Dariya ya yi har ya ajiye kofinsa.

"Ke, zauna kafin ki faɗi. Shekara goma sha tara ina karanta mutumin nan, kina tsammani ban ji babu amma ba? Tun a situdiyo na gani. Na ce yau an sake min wuya, bari in yi magana kamar namiji. Barista ma ya sani, lambar shafi tana saman takardar, ɗaya bisa biyu. Me ya sa kike tsammani ya zaɓi tambayoyin nan?"

Na ce to Baba fa.

"Baba albashinsa ya ninka naki sau shida, idonsa ya tafi, kuma hukuma ba za ta karɓi 'yar wata biyu a matsayin mai laifi ba, za su ce wa ya ba ta agogon. Shi zai tafi ko kin yi magana ko ba ki yi ba. Idan kin yi, ku tafi tare, ke da sata daga kwali a takardarki. Zaɓi."

Ya turo min shafin da bayan biro.

"Ɗauki kayarki. Ki adana ta da kyau. Ni ina son ma'aikacin da ke da abin ɓoyewa, ba ya makara."

Na ɗauka. Na ce na gode, Yallaɓai. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Lahadi, 23 ga wata, 4:00 na yamma

Umma ta auna ni, za ta ɗinka min riga ta ranar 28. Ta ce na rame, ƙuguna ya ragu da inci ɗaya da rabi. Yaya ya ce manyan ma'aikata haka suke, sai an tabbatar da su sannan su fara tumbi.

Talata, 25 ga wata, 1:40 na rana

A ƙarshen shirin yau Yallaɓai ya ba jama'arsa haƙuri. Ya ce wani tsohon ma'aikaci ne ya gaza, an ɗauki mataki, kuma shi zuciyarsa tana tare da kowa. Muryarsa ta karye a daidai inda aka ja masa layi biyu. Baba ne ya rubuta haƙurin. Barista ya ce sai ya rubuta kafin a sa hannu a takardar sallamarsa. Ni na buga.

Laraba, 26 ga wata, 4:20 na yamma

Baba ya je ya zauna kusa da tsohuwar nas ɗin. Ina kai fayil, na ji.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba shi za ki jira ba. Ni ne nake rubutawa. Ni na manta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai amma ɗin?"

"Ni ne."

"Shekara talatin da huɗu ina ba mutane magani, dare da rana. Da na manta sau ɗaya, da gawa za a fitar. Kai ka manta, ga ka zaune da hularka." Ba ta ɗaga murya ba. "Tashi daga kusa da ni."

Ya tashi. Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin ya kai wa mai gidan da take haya.

Ina tsaye da fayil, taku huɗu daga wurin.

Alhamis, 27 ga wata, 7:30 na safe

Ba wanda ya tambaye ni.

Juma'a, 28 ga wata, 5:40 na yamma

Madam ta ba ni takardata ƙarfe 9:40. Ƙaramar manazarciya, cikakkiyar ma'aikaciya. Rigar ta yi min daidai.

Baba ya tafi ƙarfe uku da leda ɗaya. Ba a yi taro ba. Na bi shi har tashar mota, na same shi a benci yana jira. Na ce, Baba, ina da abin da zan nuna maka. Na ciro shafi na biyun. Ya kai fuskarsa, ya nisanta, ya ce ba ya gani a rana, in karanta masa.

Na karanta.

"Amma masu sauraro su dakata. Masu binciken littattafan kamfanin ba su sa hannu a rahoton bana ba, kuma babbansu ya ajiye aiki makon jiya ba tare da bayani ba. Har sai an sa hannun nan, duk abin da muka faɗa a sama maganar kamfanin ce a kan kansa. Wanda abin hannunsa ke nan, kada ya taɓa."



"Ashe na rubuta," ya ce. Ya sake faɗa. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Na gaya wa matata ta daina barina in fita ni kaɗai. Na gaya wa 'ya'yana kaina ya fara tafiya."

Na fara bayani, dokar yankewa daga ƙasa, da ranar 22, da kibiyoyin da ba wanda ya nuna min. Ya ɗaga hannu.

"Yankewar kuskure ne. Ni ma na yi ɗari biyu da uku, kin ƙirga. Tun yaushe take wurinki?"

"Tun ranar 31."

"Ranar da na tsaya a bakin injin ina ce miki wataƙila a kaina na rubuta, tana ina?"

"A jakata."

"Jakar tana ina?"

"A kafaɗata, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi idan lissafi ya fito. "Zanen nan mai launi, su suka ce ki yi?"

Na ce a'a.

"Na ga alama. Barista ba shi da wannan basirar."

Sannan ya miƙo hannu. "Ba ni. Ba hukuma zan kai ba, na gaji. Matata zan nuna wa. Da matar nan ta bencin ɗakin baƙi."

Na kalli hannun. Matar benci tana da baki, kuma ta san hanyar hukuma. Lambar shafin tana sama, layin da na ja da jan biro yana kai, da sa hannuna da kwanan wata a gefe, don ni komai sai na sa wa kwanan wata.

Na ce, "Baba, takardar ofis ce. Ba a fita da ita."

Bai janye hannun nan da nan ba. Na ninke ta na mayar aljihun ciki na ja zif. Motarsa ta zo. Kwandasta ya riƙe masa ledar, ya ce tsoho a yi sauri. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban ji ko ya amsa ba, injin yana ƙara.

Na koma ofis 3:50. Ban cika minti hamsin a waje ba.

Asabar, 29 ga wata, 2:00 na rana

Gida ya cika da maƙwabta. Umma ta sa takardata a leda tana zagayawa da ita, ba ta bari a taɓa. Yaya ya ce in faɗa musu abin da za su saya su yi arziki. Na ce ban fara ba tukuna. Na ci abinci sosai.

Litinin, 31 ga wata, 7:15 na safe

An maido teburin Baba cikin ɗakinsa, an sa sunana a ƙofa. Kujerar ta yi min tsayi, ƙafata ba ta kai ƙasa. Na kira kafinta ya rage ta.